Zoben da Ya Faɗi a Rairayi: Amsoshin Tambayoyinku kan Na'urar Gano Ƙarfe

Duk lokacin da bukukuwa suka kankama a birnin Shehu, wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan ɓatan kayan ado sukan ƙaru, kuma a wannan karon da yawansu suna tambaya ne a kan na'urar nan mai faifai a ƙasan sanda, wadda ake bi da ita a saman ƙasa tana ƙara idan ta ji ƙarfe. Na taƙaita wasiƙun, na kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A wunin bikin ƙanwata da aka yi a filin ƙofar gidanmu na yi asarar zoben gwal da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta bar mini. Filin rairayi ne, an kafa rumfuna an jera kujeru, kuma ban lura ba sai bayan sallar isha'i. Mun duba da fitila ba mu gani ba. Yanzu wasu a gidan sun fara nuna yarinyar da ke taya mu aiki, har an ba ni shawarar a kai maganar wurin mai duba. Wani maƙwabcinmu ya ce akwai na'urar da za ta iya nemo shi. Shin gaskiya ne, ko wata asarar zan ƙara yi? (Daga wata mai karatu a Mabera)

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifiya, ya sa ta huta, ya mayar miki da abinki. Maƙwabcinku gaskiya ya faɗa, kuma zobe yana cikin kayan adon da wannan na'ura ta fi saurin ji, balle a ce a rairayi ya faɗi. Amma kafin in shiga bayaninta, ina roƙonki ki tsayar da maganar yarinyar nan tun yau, ki kuma rufe ƙofar zuwa wurin mai duba. Allah ya gargaɗe mu a cikin Suratul Hujurat cewa wani sashe na zato zunubi ne, kuma ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. Yarinyar da aka kira ɓarauniya a unguwa, ko da daga baya an tsinci zoben a ƙasa, sunan ba ya saurin barinta, kuma iyayenta ba sa mancewa. Ba a ma bincika filin yadda ya kamata ba tukuna, to da wace hujja za a tsallake ƙasa a kama mutum?

Yadda na'urar ke aiki ba wani sihiri ba ne. A cikin faifan da ke ƙasan sandar an naɗe waya zagaye-zagaye, wutar batir tana kai da komo a cikinta sau dubbai a daƙiƙa guda, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai kutsawa cikin ƙasa. Idan wannan ƙarfi ya tarar da ƙarfe kowane iri ne, yakan tayar da 'yar wuta mai zagayawa a jikinsa, ita kuma ta mayar da nata ƙarfin sama, wani naɗin waya na biyu ya kama, sai na'ura ta yi ƙara. Zobe da'ira ce rufaffiya, wutar tana samun hanyar zagaya shi ba tare da yankewa ba, shi ya sa amsarsa take fita tar. Na'ura mai matsakaicin kyau tana jin zobe a zurfin santimita 15 zuwa 20, wato kusan taƙi guda, alhali zoben da ya faɗi kwanan nan da wuya ya wuce kaurin 'yan yatsu biyu ko uku a ƙarƙashin rairayi.

Dalilin da ya sa ba ku gan shi da fitila ba shi ne nauyinsa. Gwal tsantsa ya ninka ruwa nauyi fiye da sau 19, ƙwayar yashi kuwa ba ta kai ninki uku ba, saboda haka da zarar zobe ya faɗa rairayi mai laushi sai ya nutse, idan kuma ƙafa ɗaya ta taka wurin, shi ke nan ya ɓuya. Wannan nauyin kuma shi ne abin da zai kwantar miki da hankali, domin iska ba ta ɗaukarsa, tsatsa ba ta cinsa, kuma muddin ba a share shi ba ko wani bai tsince shi ba, yana nan inda ya faɗi ko da an yi wata da watanni.

Don haka aikin farko ba na na'ura ba ne, naku ne. A daina share filin, a hana motoci tsayawa a kansa, idan kuwa an riga an share, a gano inda aka zuba sharar a killace ta kafin 'yan jari bola ko masu kwashe shara su riga ku. Daga nan ki tattara hotuna da bidiyon bikin daga mai hoto da kuma wayoyin ƙawaye, ki duba hannunki a kowane hoto, ki gano na ƙarshe da zoben yake a yatsanki da na farko da babu shi. Abin da kika yi tsakanin hotunan nan biyu shi ne taswirarki. Zobe yakan zame ne a wurin wanke hannu da sabulu bayan cin abinci, ko wurin alwala, ko lokacin da aka shafa mai, ko wurin liƙi, inda ake ta wurga hannu har zoben ya yi tsalle ya faɗa nesa da inda kike tsaye. A lokacin hunturu kuma yatsu kan ɗan motse saboda sanyi, zoben da yake zama daram a bazara sai ya yi sako-sako. Ki zazzage jakarki, da ledojin rabon kayan biki, da kulolin abinci, da tabarmi da dardumomin da aka naɗe. A tafiyar da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi asarar abin wuyanta, wadda a cikinta ne ayar taimama ta sauka, an tura mutane nema ba su samu ba, sai da aka tayar da raƙumin da take kai aka gan shi a ƙarƙashinsa. A fara da inda kika zauna kafin a je nesa.

Idan mai na'ura ya zo, kada ki yarda ya yi ta yawo a filin yana kaɗa faifai duk inda ya ga dama, domin na'urar ba ta jin komai sai abin da faifan ya bi ta kansa. A kafa turaku a ɗaura igiya, a raba wurin layi-layi, faɗin kowane layi kamar mita guda. Ya riƙe faifan dab da ƙasa, a kwance, kada ya riƙa ɗaga shi a ƙarshen kowace kaɗawa, ya tafi a hankali yadda kowace kaɗawa za ta hau kan rabin wadda ta gabace ta. Idan ya gama daga gabas zuwa yamma bai samu ba, ya sake bi daga kudu zuwa arewa, saboda zoben da ya tsaya a kan gefensa yana iya yin shiru ta wannan fuska ya amsa ta waccan. Kafin ma ya fara, ki ba shi wani zoben gwal mai kama da naki, a sa shi a leda, a binne shi a gefe a zurfin yatsa, ya bi ta kai da faifan ku ji irin ƙarar ku ga lambar da allon na'urar ya nuna. Wannan gwajin yana nuna muku na'urar tana aiki, yana kuma nuna muku ko mai ita ya san abin da yake yi. Inda ta yi ƙara, a ɗebi rairayin da kwanon roba, ba na ƙarfe ba, a wuce da kwanon ta saman faifan, idan ƙarar tana cikin kwano sai a tankaɗe da rariya. Wanda ke ɗiban ya cire agogo da zoben hannunsa tukuna.

Wahalar da za ku sha ita ce tarkace. Filin da ake taro a kansa cike yake da murafun kwalba, da maɓallan gwangwanin lemo, da guntayen takardar alminiyum ta naɗe abinci, da ƙusoshi. Yawancin na'urori suna nuna lamba gwargwadon yadda ƙarfen ke wuce da wuta: baƙin ƙarfe a can ƙasa, azurfa da tagulla a sama, gwal kuwa a tsakani, daidai inda alminiyum yake faɗawa. Na'urar tana da maɓallin tacewa da ke sa ta yi shiru a kan abin da ba a so, kuma a nan ne masu gaggawa ke yin kuskure, domin wanda ya tace maɓallin gwangwani don ya huta da tono, ya tace zobenki tare da shi. A tace baƙin ƙarfe kaɗai, duk sauran a tona, ko da za a cika kwano da tarkace kafin a kai ga abin da ake nema. A ganina wannan haƙurin ya fi tsadar na'ura muhimmanci.

Ƙasarmu ma tana da nata hali. Farin rairayin jigawa ba ya ba na'ura wahala, amma jar ƙasa da marmara, irin waɗanda ake ciko da su a ƙofar gidaje, suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da ke sa ta yi ta surutu babu dalili, sai an daidaita ta da ƙasar wurin, a kuma ɗan rage mata ƙarfin ji. Wayoyin lantarki da taransifoma da janareta su ma suna rikita ta, don haka lokacin da aka ɗauke wuta ya fi dacewa da aikin. Kusa da ƙyauren ƙarfe, ko ƙafafun rumfa, ko gindin katanga mai rodi, ƙarar babban ƙarfen tana danne ta zobe, sai a kwashe rairayin wurin a kai shi tsakiyar fili a baza, sannan a bi ta kai. A yi aikin da sanyin safiya ko bayan la'asar, saboda ranar Sakkwato ba ta barin mutum ya yi tafiyar da ake bukata a tsanake.

Samun mai na'ura ba zai gagara ba, domin tun da aka gano gwal a yankin Jado na Jamhuriyar Nijar a 2014 matasa da yawa daga wannan yanki suka koyi aiki da ita. Sai dai wasu na'urorin da aka yi don neman ɗanyen gwal a daji ba su iya bambance ƙusa da zobe sosai, tonon zai fi yawa, amma za su yi aikin. Ku yi ciniki kafin a fara, wani namiji na gida ya tsaya tare da shi, duk abin da aka tono a zuba a kwano ɗaya a gaban kowa, don a kare dukiyarki a kuma kare mutuncin mai aikin. Idan aka gama ba a samu ba, Hajiya, hakan bai zama hujja a kan kowa ba, domin zoben yana iya faɗuwa a mota, ko a gidan kwalliya, ko ya bi ruwan wanke hannu zuwa kwata.

TAMBAYA: Siririyar sarƙata ta gwal ta tsinke ta faɗi tare da ɗan kunne guda, kuma ina kyautata zaton a cikin gida ne, ko ɗaki ko tsakar gida, duka kuwa siminti ne. Ɗana ya sauke wata manhaja a waya wadda ya ce tana gano ƙarfe, mijina kuma ya ce zai aro sandar binciken da ake amfani da ita a ƙofar masallaci. Wanne zai yi? (Daga wata uwargida a Runjin Sambo)

AMSA: Malama, naki ya fi na Hajiyar Mabera wuya, kuma gara in faɗa miki tun farko. Siririyar sarƙa, duk tsawonta, na'ura ba ta ganinta a matsayin abu guda, kowane ɗan ƙulli daban take jinsa, kuma kowannensu ya yi ƙanƙanta. Sau da yawa abin da ke amsawa shi ne maƙullin sarƙar ko abin da aka rataya a jikinta. Haka ɗan kunne, musamman wanda bakinsa yake buɗe, tun da da'irar ba ta rufe ba. Ƙananan abubuwa irin waɗannan suna bukatar na'urar da wutarta ke kai da komo da sauri sosai: Garrett Ace 250, wadda masu koyo ke yawan farawa da ita, tana yin sau 6,500 a daƙiƙa, Minelab Gold Monster 1000 tana yin 45,000, Fisher Gold Bug 2 kuwa 71,000, kuma biyun ƙarshen ne ke jin ƙaramin gwal da kyau. Sa'ar da kika yi ita ce ɗayan ɗan kunnen yana hannunki, sai ki gwada kowace na'ura da shi kafin ki biya ko kwabo. Wadda ba ta ji shi a tafin hannu ba, ba za ta ji ɗan'uwansa a ƙasa ba.

A cikin ɗaki kuwa babbar na'ura kusan ba ta da amfani, saboda rodin da ke cikin gini, da wayoyin wuta, da ƙusoshin gado da na kujeru. Wannan matsala ta daɗe. A 1881, da aka harbi shugaban Amurka James Garfield, Alexander Graham Bell ya haɗa wata na'ura irin wannan don gano harsashin a jikinsa, amma ƙarafan gadon da yake kwance a kai suka rikita ta, ga shi kuma likitan ya taƙaita binciken a gefen dama, alhali harsashin yana hagu.

Manhajar waya ki bar ta. Abin da take amfani da shi shi ne ɗan ma'aunin maganaɗisun da ke nuna alƙibla, wanda baƙin ƙarfe da maganaɗisu kaɗai ke motsa shi, gwal da azurfa ba sa taɓa shi. Sandar ƙofar masallaci tana jin gwal, amma sai ya kusance ta da 'yan santimita, don haka amfaninta shi ne a bi da ita kan kwandon wanki, da katifar soso, da filo, da sharar da aka tara. Ki fara da jikin kayan da kika sa a ranar, domin ɗan kunne ya fi maƙalewa a hijabi, ko ɗankwali, ko kitso, ko zanen goyo idan yaro ne ya finciko shi. Da dare a kashe fitilun ɗaki, a kwantar da tocila a ƙasa yadda haskenta zai bi daɓen a kwance, sai ki ga ƙaramin abu ya yi inuwa ko ya yi ƙyalli. Bayan haka a share ko'ina a hankali, har ƙarƙashin gado da bayan durowa, a tara sharar a faranti a tankaɗe. Idan akwai wurin wanke hannu mai famfo, a kwance lanƙwasar bututun da ke ƙarƙashinsa, a kuma duba bakin rariyar banɗaki da ta tsakar gida kafin a sake kwarara ruwa mai yawa.

TAMBAYA: Awarwaron matata ya faɗa rijiyar gidanmu wajen ɗiban ruwa. Na zura maganaɗisu da igiya bai kamo ba. (Daga wani magidanci a Wurno)

AMSA: Malam, maganaɗisu ba ya kama gwal ko azurfa, don haka rashin kamowar ba abin damuwa ba ne. Kada ka zura yaro, kai ma kada ka shiga, saboda iskar ƙasan rijiya tana iya kashe mutum tun bai ankara ba. Ka kira masu yasar rijiya waɗanda sana'arsu ce, su kwashe ruwan su fito da laka guga-guga, a baza ta a fili mai tsabta, kaurinta kada ya wuce tafin hannu, sannan a bi ta kai da na'ura ko a wanke ta a rariya. Abu mai nauyi yana nutsewa cikin laka, don haka a kwashe har a kai ga ƙasa mai tauri. Ka yi ƙoƙarinka ka bar wa Allah sauran, domin zoben azurfa na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa rijiyar Aris daga hannun Sayyidina Usman, aka kwana uku ana kwashe ruwanta ba a same shi ba.

TAMBAYA: Ni matashi ne da na gama makaranta ba aiki. Ina so in sayi na'ura in riƙa nema wa mutane kayansu ana biyana. Na ga talla a Facebook ta wata mai eriya da aka ce tana nuna gwal daga nisan kilomita biyu. Shin in saye ta? Kuma idan na tono abin da ba shi aka sa ni nema ba, na wane ne? (Daga wani matashi a Gwadabawa)

AMSA: Ɗan'uwa, niyyarka mai kyau ce, kuma sana'a ce ta taimako, amma waccan mai eriyar kada ka kusance ta. Ƙarfin da faifai ke turawa yana raunana da sauri ƙwarai yayin da nisa ke ƙaruwa, shi ya sa ake auna jin zobe da santimita. Babban abu ana iya jinsa a zurfin mita guda ko fiye da na'ura mai ƙarfi, amma dole ya kasance a ƙarƙashin faifan. Ko dunƙulen gwal mai nauyin kilo 27 da aka samu da na'ura a jihar Biktoriya ta Ostireliya a 1980, a zurfin kusan santimita 30 yake. Eriya mai juyawa a hannu motsin hannun mai riƙe da ita take bi. A 2013 wata kotu a Ingila ta ɗaure wani ɗan kasuwa, James McCormick, shekara 10 saboda ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe na'urar gano bam mai irin wannan eriya, wadda babu abin da ke aiki a cikinta. Idan an yaudari gwamnatoci da ita, kada ka ɗauka kai za a raga maka.

Ka nemi ta kamfanin da aka sani, kamar Garrett da Fisher na Amurka, ko Minelab na Ostireliya, ko Nokta na Turkiyya, ko XP na Faransa, kuma ka yi hattara, domin jabunsu sun yi yawa a kasuwa. Ka je da zobe da ɗan kunne da ƙusa da murfin kwalba, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya a gaban mai sayarwa. Wadda ke nuna lamba, tana da tacewa, ana kuma iya daidaita ta da ƙasa, ta ishe ka. Ka haɗa da abin sauraro na kunne, da ƙaramar na'urar hannu mai nuna daidai inda abu yake a cikin rami, da batir na ajiya. Sannan ka shafe makonni kana binne abubuwa a bayan gidanku kana nemansu, har kunnenka ya saba, kafin ka karɓi aikin kowa.

Ka kuma san iyakarka a wurin doka. Neman zoben mutum a filin gidansa da izininsa daban, neman ma'adini daban. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke cikin ƙasa, kuma ba a nemansu sai da lasisi. Bayan haramcin haƙar ma'adinai da aka sanya a Zamfara a 2019, wanda sai a ƙarshen 2024 aka ɗage shi, jami'an tsaro ba sa kallon mai yawo da na'ura a daji da sauƙi, ga kuma halin tsaron da wasu yankunanmu ke ciki. Ka gabatar da kanka ga mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankinku, ka tsaya a cikin gari. Kufai irin su Surame, birnin Kanta na Kabi, da Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, ba wurin gwada na'ura ba ne, tono don neman kayan tarihi sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa. Maƙabarta kuwa ba sai na faɗa ba.

Game da ladan aiki, shari'a ta halatta a sanya tukuici ga wanda ya nemo abin da ya ɓace, kuma malamai suna kafa hujja da aya ta 72 ta Suratu Yusuf, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya zo da ma'aunin sarki. A irin wannan yarjejeniya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai nema ba shi da komai sai aikin ya kammala. Idan kana so a biya ka wahalarka ko an samu ko ba a samu ba, sai ku yi ta a matsayin ƙodago na wuni ko rabin wuni. Ku zaɓi ɗaya, ku faɗi adadin kuɗin ƙarara a gaban shaida kafin ka kunna na'ura.

Abin da ka tono wanda ba shi aka sa ka nema ba, idan a cikin gidan mutum ne ko gonarsa, ka fara nuna wa mai wurin. Idan a fili ne na kowa da kowa, kamar filin Idi ko filin ƙwallo, to tsintuwa ce, kuma tono shi da na'urar da ka saya da kuɗinka bai mayar da shi naka ba. Hadisin Zaid bin Khalid da ke cikin Bukhari da Muslim ya umarci mai tsintuwa ya kiyaye siffarta, ya yi cigiya shekara guda. A mazhabarmu, idan shekara ta cika mai ita bai zo ba, kana iya ci gaba da ajiye ta ko ka yi sadaka da ita, amma idan ya bayyana daga baya kai ne za ka biya shi. Dokar ƙasa ma tana hukunta wanda ya riƙe abin da ya tsinta alhali yana da hanyar gano mai shi. Ana yin cigiyar a inda aka tsinci abin, da kasuwa, da ƙofar masallaci daga waje, ba a cikinsa ba, a yau kuma har da gidajen rediyo da zaurukan WhatsApp na unguwa. Kada ka sa hoton abin, kada kuma ka siffanta shi. Ka ce an tsinci kayan ado a wuri kaza, ka bar mai shi ya faɗi irinsa, da zanensa, da nauyinsa, da lambar da aka buga a cikinsa, 916 ce ta karat 22, ko 875 ta karat 21, ko 750 ta karat 18. Wanda ya zo da ɗan'uwan ɗan kunnen, ko rasit na shagon da aka saya, ko hoton da yake sanye da abin, ya kawo hujja mai ƙarfi. Idan mutum biyu suka yi da'awa, ka kai maganar gaban mai unguwa ko alƙali, ka damƙa abin a can a gaban shaidu.